Tsumman Baban Saude

Wani mutum ne a layinmu, Tsalha, ana ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa. A faɗarsa shekara tara ya yi a Kwatano yana haɗa mashin da ido a rufe, har Turawa na leƙowa ta taga suna koyo. Mu dai ko kacar keke ba mu taɓa ganin ya ɗaura ba.

Da maigidana Baban Saude ya rasu, abin da ya bari mai daraja shi ne mashin ɗinsa kore. Mai birkin faranti ne a gaba, da ɗan kofin man birki a hannun dama. Kofin yana yoyo in an matsa birki, don haka marigayi ya naɗe shi da yagen tsohon ɗankwalina. Ya sha gaya mini man nan ba ya shiri da fenti.

Ranar sadakar uku, wan mijina Yaya Ɗahiru ya ce kada a taɓa komai sai na fita takaba an raba gado. Zaurenmu yana zuba, sai Tsalha ya ce a kai mashin ɗin zaurensa.

Yana ganin tsumman ya tsuke baki. "Wane baƙauye ya ɗaura wannan?"

Daga bayan labule na ce, "Mai shi ne. Ya ce kada a cire."

"Allah ya jiƙansa, tela ne, ba injiniya ba." Fit, ya tuge ya yar. Ya rantse ko ƙuda ba zai sauka a kan mashin ɗin ba.

Juma'ar farko ina tankaɗe na ji ƙarar mashin ɗin. Tututu, da ɗan tarin nan da yake yi a kwanar layinmu. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe wa ƙarar nan ƙofa. Sai da na miƙe tsaye kafin na tuna.

Na gaya wa Yaya Ɗahiru. Ya je ya tambaya. Tsalha ya girgiza kai cike da tausayi ya ce, "Kewa ce. A Kwatano na ga matar da take jin jirgin ruwan mijinta a cikin randa."

Aka fara kawo mini rubutu. Wata huɗu ina sha, duk Juma'a ina jin mashin, dangi suna kallona a kaikaice. Har aka fara maganar a kai 'yata Saude wajen gwaggonta kafin in warware.

Ranar rabo aka yi shimfiɗa a ƙofar gida. Ga Liman, ga Yaya Ɗahiru, ga Bawa bakanike da aka kira ya duba lafiyar mashin. Tsalha ya turo shi da hannu, cikin babbar rigarsa fara ta Juma'a, ya lulluɓe tankin da darduma.

Liman ya ce, "Mashin ɗin salla yake yi?"

Aka yaye. Tankin ya saluɓe kamar dafaffen dankali. Koren ya kumbura, ya tattare, ƙarfe ya fito fili.

Tsalha ko gezau. "Ajiya ce. Fentin zamani ba ya son zama wuri ɗaya. Mu masana mun san wannan."

Bawa ya shafa, ya sunsuna yatsa. "Man birki ne."

"Ni ma abin da zan ce ke nan."

"Amma Injiniya, mashin da ke ajiye, mansa ƙasa yake ɗiga. Wannan ga shi ya yi layi-layi ya nufi wajen zama. Iska ce ta kwashe shi. Kuma ba ƙaramar iska ba."

"Zaurena akwai iska."

"Mai matsa birki?"

"Kai yaro, a gefen titi ka koyi aiki. Matsa in nuna maka."

Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya tsuguna gaban taya, ya ware gwiwoyi zai fara darasi. Kowa ya zuba masa ido. Cikin cinyoyin farin wandonsa, dama da hagu, kore ne shar, daidai inda mai tuƙi yake matse tanki. An wanke an sake wankewa, bai fita ba.

Ya bi idanun mutane da kallo. Ya haɗe gwiwoyi a hankali.

Na ce, "Yaya, in ci gaba da shan rubutun?"

Yaya Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Ya jawo Saude ya zaunar da ita kusa da ni.

Liman ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "To, dukiyar mamaci ba a raba ta sai ta taru wuri ɗaya. Rabin fentin yana jikin tanki, rabi yana jikin Injiniya." Ya nuna tabarma da carbinsa. "Malam Tsalha, a nan za ka cire, ko a kawo maka zani?"