Jajen Tunkiya

Ina alwalar la'asar makiyayinmu ya aiko daga Issawane cewa tunkiyar Rabi ta ɓace. Rabi matata ce, ta rasu da damina, tunkiyar kuwa kiwonta na ƙarshe.

Ranar rasuwar na daure, ban zubar da hawaye ba. Amma a kan tunkiya sai na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na ƙi tuwo, na ƙi gona, ina karɓar jaje. Duk wanda ya zauna sai ya ji tarihinta. Gaskiya, zaman ya fara yi mini daɗi.

Da aka ce an tsince ta, taubashina Illa ya goya ni a moto, wato babur.

"Za ka gane ta kuwa, bawana?"

"Ni? Ko ido rufe."

Muna isa na hango fara mai baƙin kunne. Na durƙusa na rungume wuyanta, kukan da na riƙe tun damina ya ɓalle. Makiyayin ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Baba, wanga rago ne. Taku ga ta nan bayanka, tana tauna rigarka."

Illa sai da ya zauna ƙasa don dariya.

Tunkiyar tana gida, har ta haihu. Illa kuwa ko a masallaci muka haɗu sai ya ce ragon yana gaishe ni, yana tambayar yaushe zan koma. Har yau ban koma ba.