Rasuwar Danjar Hagu ta Tirelar Malama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, Malama mai lambun dashe, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Danjar Hagu, jar fitilar bayan ƙaramar tirelar da take ja da akori-kurarta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a mararrabar kasuwa, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar ba ta da surutu. Iyakar abin da aka taɓa ji ta dalilinta shi ne ƙas, ƙas, ƙas, idan an kunna sigina. Ta raka dashen lemo da na gwaiba kasuwa cikin ruwa da rana, ba ta taɓa ɓoye wa na baya cewa Malama za ta tsaya ba.

Jinyarta ta ɗauki wata biyar. A taka birki, ta yi ƙifta-ƙifta kamar mai jin barci. A kunna siginar dama, ita ce za ta amsa. Malama ta kai ta wurin mai gyaran wayar mota, ta ce masa ciwon yana jikin farar wayar nan da aka ɗaure da noti a ƙarfen tirela, domin ta nan wuta ke komawa gida, kuma tsatsa ta cinye wurin. Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce, "Mama, kowa ya san in fitila ta mutu ƙwai ne." Ya canza ƙwai. Ta kama, tas.

Dole ta kama. A tsaye, wuta na samun hanya ta ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota. Sai an hau titi, ƙugiya ta fara rawa, hanyar ta yanke. Wannan darasin 'yan aji biyu ne, Malama ta zana shi a allo ya fi sau ɗari. Sau huɗu ana canza ƙwai, sau biyu fiyus. Da ta ce a ba ta sifana ta kwance notin da kanta, babban ɗanta, wanda ita ta koya wa haɗa batir da ƙwan tocila, ya ce, "Haba Mama, ki bar wa masu aiki aikinsu, kina ba mu kunya."

Ranar Talata Malama ta taka birki a kan lokaci. Marigayiyar ta kasa faɗa wa na baya. Wani mai motar burodi ya shigo ta baya ya murƙushe ta.

Washegari Malama ta binciki gawar. Ta kwance noti, ta kankare tsatsa da wuƙar dashe, ta ɗaure. Danjar Dama, fitilar ɗaya gefen, ta kama, aka girgiza tirela ba ta ko ƙifta ba. Ta kira ɗan ya gani. Ya duba, ya ce, "Mama, ai yanzu ba maganar waya ake ba, maganar shekaru ce." Ya sa makullin mota a aljihu.

Marigayiyar ta bar 'yar uwarta Danjar Dama cikin ƙoshin lafiya, da ƙwai huɗu da aka zubar ba su yi laifin komai ba, da dashe ɗari biyu da ba su da mai kai su kasuwa.

Za a binne ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kwandon sharar da ke ƙofar lambu, kafin mai sayen tirela ya iso. Ana karɓar gaisuwa a gida. An yafe wa mai gyaran waya zuwa. Wanda ya riga Malama isa lambu ya yi haƙuri ya jira, sai ɗanta ya sami sarari zai kawo ta, a kujerar baya.