Kyaftin Tudu Ya Ceci Jirgin Eli

Mutanen Gannet Cove, a gaɓar Newfoundland, ba su san baiwar da Allah Ya yi musu ba sai da Selby Noseworthy ya bar sayar da tayoyin mota ya dawo gida. Mutum ne mai ganin girman teku, shi ya sa bai taɓa raina ta har ya shiga cikinta ba. Ya sayi farar hular matuƙa, ya tara gemu. Masunta suka raɗa masa Kyaftin Tudu. Ya ji rabin farko, ya yi godiya.

Jirgin kamun kifi na katako ɗaya ya rage a garin, wanda marigayi Eli ya sassaƙa da hannunsa. Matarsa, Goggo Dorcas, ta bayar a adana don jikoki su gani. Kyaftin ya kafa kwamiti, ya zaɓi kansa shugaba babu hamayya. An ba kura ajiyar nama.

"Jama'a, tarihi amana ne," in ji shi, yana toshe hanci, "kuma amana ba ta ƙarnin kifi!"

Aka shiga gyara. Katakon da ya yi baƙi, a cire, ba ya kyau a hoto. Bencin da Eli ya yi ta zama a kai har ya lotsa, a cire, manyan baƙi za su zo. Aka zuba roba mai sheƙi, aka shafa fenti, aka kafa allon tagulla. Sunan Kyaftin ya cinye allon, na Eli ya raɓe a ƙasa kamar ɗan haya.

Ranar buɗewa aka dafa miyar kifi da dankali a bakin ruwa. Kyaftin ya yi ta jawabi kan guguwar da "muka sha", har ruwa ya janye ya bar shi. Sannan aka kawo Goggo Dorcas, da kwanon miyarta a hannu. Ta zagaya jirgin, ta shafa, ta sunsuna.

"Selby, ɗan nan, abu ya yi kyau. To, ina jirgin?"

"Ga shi a gabanki, Goggo!"

"A'a, na Eli nake nufi."

Kyaftin ya gyara hula, ya soma laluben amsa a gemu. Sai Mavis mai girki ta ɗago daga bakin murhu.

"Shanye miyarki, Goggo. Da katakonsa aka dafa ta."