Cinyar Kaza da Shafin Jakata

Me ya sa Malam bai hana ni fita da jakar nan ba? Har yau ina tambayar kaina, wanda zai ba ni amsa kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansa. Ranar dai ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da zan manta sunana. (Ke mai rubutawa, yadda na faɗa za ki sa, ban da gyara.)

Malam mijina gyaran jaka da takalmi yake yi a bakin kasuwar Utako. In aka kawo masa jaka ba ya kallon ƙyallinta. Hannu zai zura ya jawo shafin ciki, ya ja ɗinkin, ya ga ko zare ne ko gam aka shafa. Yakan ce, "Waje na mai kallo ne, ciki na mai jaka." Na ji wannan magana har ta gundure ni.

To sai Sani, ɗan ƙanina da na yi rainonsa, ya samo mata 'yar manya, uwarta darakta ce a ma'aikata. Ni gwaggon ango, ni aka ba turaren kamu, ni zan fesa wa amarya a gaban jama'a. Na rantse ba za a ce dangin ango daga Kuchigoro suka fito da leda a hannu ba. Na shiga kasuwa ni kaɗai na zaɓo jaka ja, mai sarƙa ruwan gwal, tana walƙiya kamar motar gwamna. Cikinta? Ko leƙawa ban yi ba.

Lokacin ciwo ya kwantar da Malam, abinci ba ya shiga. Na nuna masa jakar. Ya zura hannu, ya ɗan murza shafin, ya dube ni, na ga bakinsa ya motsa. Sai kawai ya ce, "Ta yi kyau. In kin ga kazar biki ki tuna da ni." Rabon da ya nemi wani abu da bakinsa har na manta.

A wurin biki aka ajiye mana kaza soyayya. Na duba hagu, na duba dama, na naɗe cinyoyi biyu a takardar goge hannu na tura cikin jaka. (Kada ki dube ni haka, rabin matan teburin abin da suka yi ke nan.)

Can mai sanarwa ta ɗaga murya: "Ina gwaggon ango? A fito da turare!" Na miƙe ina taku ɗai-ɗai. Ga amarya a lulluɓe, ga uwarta Hajiya da ƙawayenta, ga masu hoto. Na zura hannu. Babu kwalba. Ina jin ta a ƙasa tana ƙwanƙwasawa, amma hannuna ba ya kai mata. Ashe maiƙon kaza ya jiƙa shafin, gam ya saki, kwalbar ta zurma tsakanin shafi da fata.

Wata ƙawar amarya ta ce, "Mama, ko a gida aka manto?"

Na ce, "Yarinya, ni ba na mantuwa." Da na san abin da zai biyo baya da na ce e.

Na kife jakar na girgiza da ƙarfina. Shafin ya zazzago gaba ɗaya kamar hanjin rago, da guntun kwali a manne, kwalba ta biyo shi, sai ga cinyoyin kaza biyu sun faɗa kan lafayar amarya. Mai sanarwa, Allah Ya shirye ta, ta ce a lasifika, "Yau dangin ango ne suka zo da gara tun kafin a nema!"

Ƙasa ba ta tsage ba, na roƙe ta. Amma kazar nan ta Malam ce. Na durƙusa na tsince abina, na miƙe na fesa turaren har amarya ta yi atishawa. Hajiya ta matso kusa da kunnena ta ce, "Yaya, wa za a kai wa?" Na ce, "Maigidana, yana kwance." Da za mu tafi na tarar ta sa an ajiye kular abinci cike da kaza a motar da za ta mayar da mu.

Malam ya ci rabin cinya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa na yanko masa gefen tsohuwar rigarsa ta shadda, yana jingine da bango yana ɗinka wa jakar sabon shafi.

Yanzu ko gyale zan saya sai na juya shi, masu shago har sun san ni. 'Ya'yana sun kawo min jakunkuna, na ce su riƙe abinsu. Da jar nan zan je kowane biki har Allah Ya ɗauki raina, kuma kusurwa ɗaya da ta rage ba a ɗinke ba, babu mai taɓa min ita. Ranar da ya kai wurin ya gaji, ya soke allurar a jikin shafin, ya miƙo min ya ce:

"Ajiye, da safe zan ƙarasa. Kafin nan ban da kaza."