Robar Firiji da Ƙaurin Maruda

Jama'a, yau da safe na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka yanke mini cibiya, kuma a gaban surukai. Idan kun bi ta unguwarmu a Kalgo kun ga mutane na toshe hanci, kada ku zargi kwata, daga gidana ne.

Ɗiyata Nafisa ta yi haihuwar fari, tana gida wajen uwarta tana wankan jego. Kun san al'ada, rana ta huɗu ake ƙauri: dangin miji su kawo kan sa da ƙafafu, a dafa wa mai jego, a raba wa dangi da maƙwabta. Mijinta Anas mutumin Maruda ne, can ƙasar Gwandu. Ya samu sa mai kyau, sai ya kawo kayan ɗanye tun saura kwana biyu, ya ce mata za su biyo baya ranar dahuwa.

Maiɗakina Halima Sadiya ta ce, "Malam, mu ɗora tukunya yanzu, mu riƙa ɗumamawa safe da yamma yadda iyayenmu ke yi."

Na ce, "Ke dai ba ki bin labarai. Zamanin ɗumame ya wuce."

Abin da ya sa na cika baki, a ranar ne Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda duk faɗin ƙasar nan babu mai yanke ƙyallen buɗe aiki kamarsa, ya zo ya ƙaddamar mana da sabuwar taransifoma. Motoci sun fi ashirin, aka sha kiɗa, aka raba mana takarda mai hotonsa yana murmushi, an rubuta wuta ta zo ke nan, ba ɗaukewa. Har da ni a masu tafi, Allah ya yafe mini.

Matsala ɗaya ta rage, firijina. Robar bakin ƙofarsa ta tsage tun bara, da turmi muke tokare shi. Sai na hau mashin zuwa Birnin Kebbi. Layin mai kaɗai ya ci mini azahar da la'asar, amma na dawo da sabuwar roba daidai awon ƙofar.

Maƙwabcina Ɗahiru, wanda babu aikin da bai iya ba in dai da baki ne, ya zauna a kan turmin yana ba da umarni. "Jiƙa ta cikin ruwan ɗumi ta saki jiki. Ɓanɓare tsohuwar. Wanke ramin, kai Malam, wannan dauɗa ta girmi jikanka! Fara daga kusurwar sama." Na bi ta da babban yatsa ina dannawa cikin ramin har yatsan ya yi ja, na shafa mata ɗan basilin. Ɗahiru ya ce saura gwaji: a maƙala takarda a rufe ƙofa a ja, in ta zare cikin sauƙi aiki bai yi ba. Takardar da ke aljihuna ita ce ta Mai Girma. Na maƙala, na ja, ta ƙi fita. Ɗahiru ya ce, "To alhamdu lillahi, yau dai an samu wanda ya riƙe wannan alkawari."

Muka zuba kan sa da ƙafafu, firiji na gurnani, ni ina taƙama. Kafin magariba wuta ta ɗauke.

Na ce gwaji suke yi. Na kafa doka a gidan: duk wanda ya buɗe firijin nan ya fitar mini da sanyi, ni da shi. Washegari shiru. Da na leƙa wurin taransifomar sai na tarar da dakalin siminti da guntun ƙyalle. Mai shayin wurin ya ce mota ta zo ta ɗauke ta, wai za a je a ƙaddamar da ita a wani gari, su ma su ɗanɗana. Ku ji adalci! Taransifoma ɗaya, kowa ya samu rabonsa na tafi. Duk da haka ban buɗe firijin ba. Na shinshina gefen ƙofa ban ji komai ba, na ce ai sanyi na nan ciki. Halima Sadiya ta dube ni, ta ce, "In kunne ya ji, jiki ya tsira," ta shige ɗaki.

Abin da ban yi tunani ba, tsohuwar robar nan 'yar tsegumi ce. Da abu ya fara juyawa a ciki, za ta sanar da duk gidan. Sabuwar kuwa ta iya riƙon sirri kamar kwamitin bincike.

Yau da hantsi matan Maruda suka iso, kakar Anas, Inno, tana gaba da kayan yajinta. Aka hura wuta, aka ɗora tukunya. Na zo da kaina zan buɗe, don su san gidan 'yan birni suka kawo ɗansu. Sai da na sa hannu biyu kafin ƙofar ta saki.

Ba zan faɗa muku abin da ya fito ba, wataƙila wani yana cin abinci. Kaji dai sun bar tsakar gida. Ɗahiru da ke leƙe ta katanga ya ɓace. Nafisa ta fashe da kuka a ɗaki, kukan nan kuwa shi ya fi warin yi mini ciwo, don ƙaurinta na fari ne, kuma da hannuna na ɓata shi.

Inno ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce, "Ba komi, Malam. Mu can Maruda da ba mu jiran lantarki, namanmu bai taɓa ɓaci ba. Wanga akwati dai shi na da kyau, a riƙa aje tuhwahin jinjiri."

Ragon da nake kiwo don layya shi ya fanshe ni. Yanzu haka yana cikin tukunya, Halima Sadiya na juyawa.

Firiji kuwa na wanke shi da toka, ƙofa na kamawa gam. Takardar Mai Girma kaɗai na ajiye a ciki. Ita ba ta buƙatar sanyi, tun ina saurayi ake ɗumama mana ita duk shekara huɗu, har yau ba ta yi tsami ba.