Rasuwar 'Yar Kwatano, Kwamfutar Mutari na Galmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka kumbura har maƙwabta na tambayar ko ciwon ido ne, Mutari ɗan Alhaji Maman Sani na Galmi, mazaunin gidan Kawu Liman a Birnin Konni, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan fadar shayi ta bakin tasha, da duk wanda ya taɓa zuwa a tura masa fim kyauta, rasuwar kwamfutarsa kuma abokiyar zamansa, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Ta cika a garin Dogarawa, nesa da mai ita, a hannun dangi, bayan gajeriyar jinya da doguwar tafiya a kan rufin mota.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Da tsufanta ta sauka daga jirgin ruwa a Kwatano, da hoton wani kare manne a bayanta, wanda sai da Mutari ya kankare shi da reza kafin ya yi ƙarfin halin shiga da ita gidan Kawu Liman. Dillalin da ya sayar da ita ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kuma ranar Lahadi kaɗai take kunnawa. Allah ya san gaskiya, amma maɓallan sun riga sun goge kamar turmin gidan yawa.

An shaidi marigayiya da natsuwa. Ba ta taɓa yin gaggawa ba a rayuwarta. Mutum zai kunna ta, ya yi alwala, ya je masallaci, ya tsaya gaisuwa a hanya, ya dawo ya tarar tana nan tana tunani. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya da daɗewa, don haka ranta a hannun wutar lantarki yake: a ɗauke wuta ta suma, a kawo ta farfaɗo, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba. Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta da muryarta ba. Da safe takan ce “tiiin”, sau ɗaya, cikin ladabi. Idan aiki ya yi nauyi sai ta koma “fuuuuuu”, irin na injin ban-ruwa, har Kawu Liman ya taɓa leƙowa ya tambaya wa ya shigo da babur ɗaki. A ƙarshen rayuwarta ta ƙara da wani “ƙirrr-ƙat, ƙirrr-ƙat” wanda Mutari ya ce hikimar tsufa ce, mai gyara kuma ya ce alamar tafiya ce.

Ta yi zaman kan iyaka da haƙuri. Ta hau soro a hammatar mai ita, doguwar wayar wuta na biye da ita, ana farautar layin Najeriya don datarsa ta fi araha, ta sauko an koma na Nijar da wancan ya yi fushi. Ba ta taɓa tambayar ƙasar da take ciki ba.

Amma babban aikin da za a tuna ta da shi, shi ne manhajar albasa. Shekara uku Mutari yana rubuta ta a cikinta, layi bayan layi. Manhaja ce da manomi zai yi wa magana da Hausarsa, ko bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ta gaya masa wace babbar mota ce za ta yi lodi zuwa Abijan ko Akara, yaushe za ta tsaya a Galmi, da sauran wurin buhu nawa ya rage a cikinta, don kada albasa ta ruɓe a bakin titi ana jiran direban da ya ce “gobe”. Don wannan aiki Mutari ya bi direbobi tasha-tasha, ya sha zaginsu, ya sayi shayinsu, har suka yarda suka ba shi lambobinsu da hanyoyinsu. Duk wannan yana cikin cikin marigayiya.

Mahaifinsa, Alhaji Maman Sani, manomin albasa ne tun kaka da kakanni, kuma bai taɓa yarda cewa zama gaban gilashi aiki ne ba. A bara ya kira ɗansa ya yanke magana, ba faɗa ba hayaniya:

“Ni ban ga abin da kaka yi ba sai danne-danne. In an hidda albasa bana, ka taho ka gwada ma dattawan ƙungiyar manoma abin ga. In ya yi aiki, ka ci gaba da zamanka Konni. In bai yi ba, ga gona can tana jiranka.”

Saboda haka duk wani “fuuuu” da marigayiya ta yi a wannan shekara, Mutari yana jinsa ne kamar numfashin wanda ya goya shi zai haye da shi gulbi.

Za a tambaya, kuma an riga an tambaya fiye da yadda ya kamata a gidan makoki, me ya hana shi ajiye kwafin aikin a wani wuri. Mai makoki yana roƙon a yi masa adalci. A 'yan shekarun nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo gari, wannan da ake yi wa magana a waya ta rubuta manhaja kafin ruwan shayi ya tafasa. Abokinsa Awal, wanda a da ko sunansa ba ya iya bugawa sai ya nemi harafi da yatsa ɗaya, ya wayi gari yana kiran kansa injiniya. Wannan abu ya tsaya wa Mutari a wuya. Ya zama mai wa'azin fada: abin nan ɓarawo ne, yana haɗiye aikin mutane ya amayar wa malalata, duk wanda ya ɗora aikinsa a ma'ajiyar intanet, wadda suke kira girgije, ya shanya hatsinsa ne a tsakiyar kasuwa. Ya ce girgije ba rumbu ba ne. An tafa masa a ranar. Kwafi ɗaya tilo ya yi, a ɗan kile, wato filas ɗin ajiyar bayanai, da yake rataye da makullin ɗakinsa, shi kuma ƙanwarsa Humaira ta ara don bikin ƙawarta, mai kiɗa ya ga ya cika, ya share komai ya zuba waƙoƙin amarya.

Matsalar ta fara ne da bazara. Fankar cikin marigayiya ta gaji, zafi kuwa a Konni ba ya jin roƙo. Sai Mutari ya gano mata magani: ya ɗora faifai a bakin randa, ya zaunar da ita a kai tana shan sanyin ruwa daga ƙasa. Dabarar ta yi aiki bazara biyu, har yana alfahari da ita a fada. A bazara ta uku, ana saura 'yan kwanaki taron dattawa, faifan ya ce shi ma ya gaji. Aka ji “cuɓul”. Ya tsamo ta da sauri, gindinta na ɗiga.

Ya ruga da ita wurin Alhasan mai gyaran waya a kasuwa. Alhasan ya juya ta, ya sunsuna, ya ce akwai sauran rai. Kada a kunna, a binne ta cikin shinkafa ta tsotse ruwan, bayan kwana uku a dawo. To, shinkafar da za ta rufe kwamfuta ba a ɗakin gwauro take ba. Amma a ɗakin ajiyar Kawu Liman akwai buhun gero a jingine. Mutari ya ce ai hatsi hatsi ne. Ya kwance bakin buhun, ya tura ta can ciki, ya ɗinke yadda ya same shi, bai gaya wa kowa ba, saboda mai wa'azi ba ya son a ji randa ta ci shi.

Abin da bai sani ba, buhun nan gudummawar suna ce. Jikar Inna Bara'atu, 'yar uwar mahaifiyarsa, ta haihu a Dogarawa. Washegari Mutari na kan soro yana neman layi, aka ɗauki buhun aka kai tasha. Shaidu sun ce an jefa shi kan rufin mota, aka ɗora buhunan siminti biyu, aka ɗaure rago a sama. Marigayiya ta yi wannan tafiya ba ta ce uffan ba.

A Dogarawa mata suka buɗe buhu za su jiƙa gero, ƙwarya ta bugi wani abu mai tauri. Inna Bara'atu ta gane ta nan take, don ta sha ganinta a cinyar ɗan 'yar uwarta. Ta ga dusa ta shiga kowane lungu, ƙura ta toshe ramukan gefe, ga maiƙon shekaru a kan maɓallai. Ranta ya ɓaci.

“Yaron ga bai san tsabta ba,” in ji ta. “Kuma kayan mutane ba a maishe su da dauɗa.”

Ta sa aka kawo bokiti da omo da soso. Ta buɗe ta, ta wanke ciki da waje, ta bi tsakanin maɓallai da tsinken tsintsiya, ta ɗauraye har ruwa ya fita fes, ta kife ta a rana kan dangar kara tare da kwanonin suna. Da yamma ta naɗe ta a sabon ɗankwali, kuma da yake ba a mayar da abin mutum hannu rabbana, ta haɗa da ƙullin cincin da goro biyar, ta ba direba ya kawo. Mai makoki yana shaida cewa tun da yake da marigayiya bai taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. Alhasan ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe, ya ɗauki cincin ɗaya.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin roba a wurare huɗu, wadda yanzu ba ta da kowa. Da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya. Da kile, wanda ke cikin ƙoshin lafiya yana rera waƙar amarya. Da randa, wadda har yau ba ta nuna nadama ba. Ta kuma bar Mutari, mai shekara talatin da ɗaya.

Ba za a ɓoye wa jama'a abin da ya biyo baya ba, tunda rabin Galmi na wurin. Mutari ya haɗiye wa'azinsa, ya je wurin Awal ya roƙi aron ɓarawon. Kuma, a faɗi gaskiya ko da ɗaci, kafin a sha shayi na uku abin ya ƙera manhaja mai launi da hoton albasa tana murmushi, ta fi tasa kyau nesa ba kusa ba. Ita ya kai gaban dattawan ƙungiya. Shugabansu ya karɓi wayar ya tambayi motar da za ta Abijan. Ta amsa da murya mai daɗi, ta ba da sunan direba da lambar mota da ranar lodi. Dattawa suka dubi juna, don babu mai wannan suna a duk hanyar. Aka gaya mata. Ta ba da haƙuri sosai, ta gode da gyara, ta ƙirƙiro wani direban. Wani tsoho ya ce wannan ta fi dillalan tasha ladabi, amma ƙaryar iri ɗaya ce. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Alhaji Maman Sani bai yi dariya ba, ya dai sa takalmansa ya fita.

Mutari ba ya jin kunyar faɗa: ya yi kuka a bayan rumfar albasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tasa manhajar ta san direbobin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma mahaifinsa bai taɓa ganinta ba ko sau ɗaya, don kullum yana cewa sai ta kammala.

Bayan kwana biyu Alhaji ya zo Konni da kansa, ya zauna a tabarma kamar yadda ake zama a gidan rasuwa. Can ya ce:

“Wai Mutari, in an kunna taka ɗin, mi taka cewa?”

Mutari ya ce ya sa ta fara da gaisuwa ne, kuma sunan Alhaji ya fara sa mata, don shi ya so ya zama na farko. Alhaji ya ce to ya faɗa ya ji. Da yake babu wani bakin da ya rage sai nasa, Mutari ya gyara murya ya faɗa yadda take faɗa:

“Barka da aiki, Alhaji Maman Sani. Buhu nawa za a aza?”

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce a sake. Aka sake. Ya share ido da bakin rawani, ya ce wallahi da ta yi daɗin ji. Sannan ya amsa mata:

“Ɗari da ashirin. Kuma kai za ka aza su.”

Game da jana'iza: ba a bukatar masu wanka, Inna Bara'atu ta riga ta sauke wannan nauyi tun marigayiya na da sauran numfashi, kuma ɗankwalin ya wadatar a matsayin sutura. Ba za a yi mata salla ba, Kawu Liman ya ce duk wanda ya gwada zai ga abin da ya fi mutuwa, ya kuma hana a ce Allah ya jiƙanta, sai dai a ce Allah ya jiƙan mai ita. Gawar tana shagon Alhasan, inda za a raba sassanta ga mabukata; gilashinta an riga an yi wa wata kwamfuta ta Tsarnawa alkawarinsa. Ana roƙon Awal da ya zo gaisuwa ba tare da wayarsa ba. Masu zuwa daga Malbaza da Illela kada su wahalar da kansu zuwa Konni, an mayar da zaman makoki Galmi, gonar Alhaji Maman Sani, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kullum, har illa masha Allah. Motar Abijan, ta gaske, za ta tsaya ranar Asabar da hantsi. Mai son yi wa Mutari gaisuwa ya neme shi a ƙarƙashin buhu, kuma in da hali ya kama masa ɗaya gefen.