Hannun Ilu Direba

Akwai wani direba a tasharmu, Ilu, wanda duk garin nan ba a yi mai iya tuƙi kamarsa ba, ba a kuma yi mai saurin hawa kamarsa ba. Bakin Ilu ne ya raba shi da motar ubangidansa, ya koma zaman benci yana ƙirga motocin wasu. Sai ga wani sabon kamfanin manyan bas-bas yana neman direbobi. Ilu ya ci gwajin tuƙi kamar wasa. Saura ɗaya, wai gwajin hali, inda za a zaunar da mutum a auna haƙurinsa. Wanda ya faɗi a nan, ko da jirgi yake tuƙawa, sai dai ya kama gabansa. Ilu kuwa ya san kansa.

Amininsa Mati bakanike ne ya ɗauki nauyin shirya shi. Kullum sai ya zauna a bayansa kan benci ya zama fasinja, ya yi ta zuba masa rashin mutunci, Ilu yana haɗiye miyau yana cewa, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." A hankali bakin ya horu. Hannun ne ya ƙi. Ko bakin yana addu'a, sai ka ga yatsun nan biyar sun miƙe sun watsa daƙuwa, shi kansa bai sani ba.

Mati ya ce, "Ranar gwajin, ka tura hannuwanka a aljihu, kada ka fito da su ko ƙuda ne ya sauka a hancinka."

Ranar ta zo. Wata Hajiya mai tabarau ce ke tambayoyin.

Ta ce, "Malam Ilu, fasinja ya ce maka jaki ya fi ka iya tuƙi. Me za ka yi?"

Ilu ya matse aljihu ya ce, "Sai in ce Allah ya huci zuciyarsa, ranki ya daɗe."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ilu har ya fara hango kansa cikin yunifom. Sai ta ce, "To yanzu ka ɗauka kana kan titi. Riƙe sitiyari in gani."

Ba yadda zai yi, ya fito da hannuwan ya riƙe iska.

Ta ce, "Ga ɗan adaidaita nan ya shigo gabanka ba sigina, ya goge maka fitila, ya kuma leƙo yana yi maka dariya."

Bakin Ilu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ɗan'uwa." Hannuwan kuwa tuni sun saki sitiyari, sun miƙe gaba ɗaya, saitin fuskar Hajiya.

Hajiya ta sauke tabarau ta ce, "Malam, wannan fa?"

Ilu ya dubi yatsunsa kamar yau ya fara ganinsu. Ya ce, "Wa'azi ne, ranki ya daɗe. Salloli biyar nake tuna masa."

Ta ce, "Salloli biyar? Ai ni yatsu goma na gani."

Ilu ya ce, "Hajiya, ɗan adaidaita ne fa. Akwai ramuwar jiya a kansa."